Masu Rikiɗa Kerkeci: Daga Ina Garkensu Ya Fito?

A cikin wasan kwamfutar nan Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, akwai wani dare da ake kiranka zuwa wani kogo a ƙarƙashin maƙerar garin Whiterun. Idan ka shiga, za ka tarar da wani mayaƙi mai ido ɗaya, Skjor, yana tsaye. Kusa da shi ga wata ƙatuwar dabba a kan ƙafa biyu, gashi buzu-buzu, tana huci. Wannan dabbar Aela ce, maharbiyar da kuka yi hira da ita ɗazu da rana. Skjor ya tsaga hannunta da wuƙa, jini ya zuba cikin wani kwano na dutse, aka ce ka sha. Da zarar ka sha, ka zama ɗan gida. Kana da 'yan'uwa, kana da wurin kwana, kana da masu rufa maka asiri.

Amma a cikin wasan dai, idan ka gangara kudu zuwa Falkreath, akwai wani mutum a kurkuku mai suna Sinding. Shi ma yana rikiɗa. Ba shi da kowa. Rikiɗar ta zo masa ba shiri, ya yayyaga wata ƙaramar yarinya, yanzu yana zaune cikin ramin gidan yari yana cizon yatsa.

Wasa ɗaya, la'ana ɗaya, rayuwa iri biyu. A nan ne gardamar masu buga irin waɗannan wasanni take tasowa, kuma ta daɗe. Wasu suna cewa mai rikiɗa kerkeci mahaukacin dabba ne, idan abin ya motsa ba ya gane uwa ba ya gane uba, to ta yaya irinsa biyar za su zauna inuwa ɗaya ba su cinye juna ba? Wasu kuma suna cewa ai kerkeci dabbar garke ce, wanda ya ɗauki jikinsa dole ya ɗauki halinsa. Na bi sawun wannan gardama baya-baya, sai na tarar ta girmi kwamfuta da shekaru ɗaruruwa, kuma kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya bai san inda ya tsinto ta ba.

Kafin mu yi nisa, a gyara suna. Kerkecin da ake nufi a nan shi ne na ƙasashen sanyi, kakan karen gida, wanda sunansa ya zo mana a ƙissar Annabi Yusuf. Wanda maharban dajinmu suka sani mai dabbare-dabbare da faffaɗan kunne wani jinsi ne daban, suna kawai suka haɗa. Mu a nan idan an yi zancen mutum ya rikiɗa da dare, kura ake cewa ya zama. Kowace ƙasa dabbar da ta hana ta barci take ɗora wa wannan zargi, Turai kuwa kerkeci ne ya hana ta.

Masu cewa ba garke, hujjarsu daga fim ta fito, ko sun sani ko ba su sani ba. A 1935 aka yi Werewolf of London, inda cizo ya zama hanyar kamuwa. A 1941 aka yi The Wolf Man, wanda Curt Siodmak ya rubuta, Bayahuden da ya gudo daga Jamus ta Hitler. Jarumin fim ɗin, Larry Talbot, mutumin kirki ne da aka ciza, ya wayi gari yana kisa ba da son ransa ba, daga ƙarshe mahaifinsa ne ya kashe shi da sanda mai kan azurfa bai san ɗansa yake duka ba. Finafinan da suka biyo baya suka ɗaure rikiɗar da cikar wata. Sinding na Falkreath jikan Larry Talbot ne, ba ko tantama.

Idan aka matsa baya zuwa takardun kotunan Turai na ƙarni na 16, da farko sai ka ga kamar sun goyi bayan wannan ra'ayi. Gilles Garnier, wanda aka ƙone a Dole, cikin Faransa ta yau, a farkon shekarun 1570, mutum ne da ya ƙaurace wa gari yana zaune a gefen daji. Peter Stumpp, manomin Bedburg kusa da Kolon, wanda aka kashe ranar 31 ga Oktoba 1589, ya ce Shaiɗan ne ya ba shi wata ɗamara, idan ya ɗaura sai ya zama kerkeci, kuma shi kaɗai yake farautarsa. Sai dai a riƙa tunawa da yadda aka samo waɗannan maganganu. Stumpp ya yi ikirarinsa ne ana gana masa azaba. Wanda ake miƙe masa gaɓoɓi da igiya zai amsa cewa shi ne ya saci wata ma. Gari ya rasa yara, jama'a sun fusata, hukuma tana bukatar wuya guda da za ta rataya wa laifin. Kaɗaicin waɗannan mutane yana nuna irin wanda ya fi sauƙin kamawa ne, wato wanda ba shi da mai tsaya masa.

Kuma ko a Faransar, labarin bai tafi a miƙe ba. A 1598, a yankin duwatsun Jura, alƙali Henri Boguet ya yi shari'ar iyalin Gandillon. An zargi Pernette da rikiɗa, jama'ar gari suka kashe ta, sannan aka kama ɗan'uwanta Pierre da ɗansa Georges da 'yarsa Antoinette, aka ƙone su. Boguet ya rubuta cewa ya ga suna rarrafe da ƙafa huɗu a ɗakin da aka tsare su. Gida guda ke nan. A riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Inda labarin ya juya gaba ɗaya shi ne can arewa maso gabas, gaɓar tekun Baltik, ƙasar da a da ake kira Liboniya, wadda yau ta rabu tsakanin Latbiya da Istoniya. Olaus Magnus, babban limamin coci ɗan ƙasar Suwidin da ke gudun hijira a Rum, ya wallafa littafinsa na tarihin mutanen arewa a 1555. A ciki ya ce a daren Kirsimeti masu rikiɗa sukan taru da yawa a wani wuri da suka yi alkawari, su faɗa wa gidajen da ke gefen daji. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne alamar da ya ce ake bambanta su da kerkecin gaske: sukan fasa ɗakin ajiyar giya, su shanye ganguna, sannan su jera gangunan da suka shanye ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ɗaki. Ya kuma ambaci wani tsohon bango, kufan wata ganuwa, inda suke haɗuwa sau ɗaya a shekara ana gwada tsalle. Wanda ƙiba ta hana shi tsallakewa, shugabanni su zane shi da bulala.

Ga garke, ga shugabanni, ga ranar taro, har da horo. Amma wannan ji-ta-ji-ta ce ta malamin da ke zaune a Rum. Gani ya kori ji, kuma abin da ya fi kusa da gani ya zo ne a shari'ar da aka yanke a 1692.

A wani ƙauye mai suna Jürgensburg, wanda yau ake kira Zaube a Latbiya, lokacin ƙasar tana hannun Suwidin, an kira wani tsoho ɗan sama da shekara 80 mai suna Thiess don ya ba da shaida a kan satar da aka yi a coci. Ba shi ake tuhuma ba. Yana shirin rantsuwa sai wani ya yi murmushi, ya ce ta yaya za a rantsar da mutumin da kowa ya san yana rikiɗa? Alƙalai suka juya ga tsohon. Maimakon ya musa, sai ya ce ƙwarai kuwa. Ba duka, ba zagi, ba igiya. Har ya tuna musu cewa shekaru goma da suka wuce ya taɓa kawo ƙarar wani manomi mai suna Skeistan da ya fasa masa hanci, aka yi masa dariya aka sallame shi. Da me ya fasa masa? Da sandar tsintsiya mai ɗaure da jelar doki. A ina? A lahira, wai, cikin gidan wuta.

Bayanin da ya biyo baya ya rikita kotun. Thiess ya ce shi da abokansa sukan tafi sau uku a shekara, daren Santa Lusiya a watan Disamba, da daren Fentikos, da daren Yahaya mai Baftisma a tsakiyar bazararsu. Sukan shiga wani rami a cikin fadama kusa da Lemburg, wanda shi ne ƙofar gidan wuta, domin mayu sun sace albarkar hatsi da ta dabbobi sun kai can. Aikin masu rikiɗa shi ne su ƙwato ta. Idan sun yi nasara, shekara ta yi kyau. Idan sun makara, a yi yunwa. Ya ce su karnukan Ubangiji ne, idan sun mutu aljanna za su. Ya ce akwai mata a cikinsu. Ya ce Rashawa suna da nasu garken, Jamusawa ma suna da nasu, kuma ramin da Jamusawa suke shiga daban ne.

Alƙalan suka yi ta ƙoƙarin mayar da shi kan layin da suka saba, wato ya amsa cewa ya yi yarjejeniya da Shaiɗan. Ya ƙi. Aka kira faston yankin ya yi masa wa'azi, tsoho ya fusata ya ce ya fi faston nagarta. A cikin tambayoyin akwai wata da nake so ƙwarai. Sun tambaye shi yadda suke cin dabbobin da suka kama, sai ya ce gasawa suke yi, har da gishiri, burodi ne dai babu. Kerkeci da gashi da gishiri! Masana sun yi ta kai-kawo a kan wannan takarda tun da Hermann von Bruiningk ya wallafa ta a 1924. Carlo Ginzburg, masanin tarihi ɗan Italiya, ya ga kamanni tsakanin Thiess da wasu manoman Friuli da su ma suka ce suna fita da dare su yaƙi mayu saboda amfanin gona. Bruce Lincoln na Jami'ar Chicago ya karanta ta a matsayin muryar talaka ɗan ƙasa yana mayar wa iyayengijinsa Jamusawa magana a fakaice game da wanda yake kwashe hatsin ƙasar da gaske. A 2020 su biyun suka fitar da littafi guda a kan tsohon, kowa yana kan bakansa.

To, an samu amsa ɗaya: garken masu rikiɗa ba ƙirƙirar masu wasan kwamfuta ba ne, yana cikin tatsuniyar Turai tun da daɗewa. Sai dai garken da ke cikin wasanni da finafinan yau bai yi kama da na Thiess ba. Na yau yana da wani da ake kira alfa, ƙaton da ya hau kujera da ƙarfin haƙori, da mataimakinsa beta, da na can ƙasa omega wanda kowa ke hucewa a kansa. Duk wanda ya kayar da alfa ya gaje shi. Babu wannan a bakin Thiess, babu shi a littafin Boguet. Daga ina ya shigo?

Daga gidan namun daji na birnin Basel a Suwizalan. Wani masanin halayyar dabbobi, Rudolf Schenkel, ya shafe shekaru yana kallon kerketan da ke tsare a can, ya wallafa abin da ya gani a 1947. Kerketai ne da aka kwaso daga wurare daban-daban, ba dangin iya ba na baba, aka zuba su har kusan goma a fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20. Ya ga suna faɗa, ya ga namiji ɗaya da mace ɗaya sun danne saura, ya rubuta. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ke nan. A 1970 wani Ba'amurke, L. David Mech, ya fitar da babban littafinsa a kan kerkeci, ya ɗauki wannan tsari ya saka a ciki. Littafin ya karɓu, kalmar alfa ta fita daga hannun masana ta shiga bakin kowa, har masu horar da karnuka da masu koya wa samari yadda ake zama namiji.

Sai Mech ɗin da kansa ya je ya gani. Daga 1986 ya riƙa zuwa tsibirin Ellesmere a ƙarshen arewacin Kanada, inda fararen kerketai ba su san tsoron mutum ba, ya zauna dab da raminsu bazara goma sha uku. A 1999 ya rubuta cewa an yi kuskure. Garken kerkeci a daji iyali ne kawai: uba, uwa, 'ya'yan bana, da na bara da ba su riga sun tashi ba. Ba wanda ya ci sarauta da kokawa. Uba yana gaba ne don shi ya haife su. Ɗa idan ya kai shekara ɗaya zuwa uku, ba ya tsayawa ƙwace gidan ubansa, fita yake yi ya nemi mata ya kafa nasa. Mech ya yi shekaru yana roƙon a daina buga tsohon littafinsa, amma magana zarar bunu ce. Kafin ya janye ta, masu rubuta labaran rikiɗa sun riga sun yi gini a kanta.

Nan ne yawancin masu sharhi suke tsayawa, su ce an kama masu wasanni da kuskure. Ni kuwa a nan na ga abin ya fara daɗi. A sake duba yanayin Basel: baƙin juna, manya, kowa da halinsa, an haɗa su dole a wurin da ba mafita. Wa wannan ya kwatanta? Mutanen da cizo ya mayar masu rikiɗa. Maƙeri da ɗan sarki da ɓarawon shanu, ba abin da ya haɗa su sai la'ana guda da tsoron kada gari ya sani. Ba za su iya komawa cikin jama'a ba, ba za su iya rabuwa ba domin kowa yana riƙe da asirin kowa. Kejinsu ba na ƙarfe ba ne, amma keji ne. Irin wannan taro lallai zai samu mai danniya da wanda ake dannewa, kuma ba a sarki biyu zamani ɗaya. Binciken da ya kuskure wa kerkecin daji ya faɗa daidai kan wanda aka ciza.

Idan kuwa a duniyar wasan gadon abin ake yi, to tsarin Ellesmere ne zai yi aiki, da na gidan Gandillon. Tsofaffin labaran ma can suka karkata. A labarin Völsunga na mutanen Aisilan, uba da ɗa ne, Sigmund da Sinfjötli, suka sa fatar kerkeci suka shiga daji. A labarin da Gerald na Wales ya rubuta game da Ailan wajen 1188, mace da namiji ne daga Ossory aka ɗora wa zama kerketai shekara bakwai, namijin ya je neman limami domin abokiyar tafiyarsa tana gargarar mutuwa. Wasan Werewolf: The Apocalypse na kamfanin White Wolf, wanda ya fito a 1992, ya ɗauki hanyar gado, cizo ba ya mayar da kowa komai, amma ya riƙe kalmar alfa da al'adar ƙalubalantar shugaba. Wato ya ɗauki jinin Ellesmere ya zuba masa dokar Basel. Ba na ganin laifinsu sosai. Wasa ne da mutum huɗu ko biyar suke zagaye tebur su buga tare, dole a samar musu dalilin tafiya tare da kuma abin da za su yi rigima a kai.

Akwai wani lissafi da ɓangarorin biyu suke tsallakewa, na ciki da na baki. Kerkeci guda yana iya cin nama kilo tara a zama ɗaya. Garke mai yawa sai inda abinci ya yawaita: a gandun Yellowstone na Amurka, inda aka mayar da kerketai a 1995, garken Druid Peak ya kai 37 a 2001, sannan ya tarwatse. Masu rikiɗa shida a gefen ƙauye mai gida arba'in, wata nawa za su yi kafin makiyaya su ƙirga tumakinsu su ɗauko kibiya? Mai rikiɗa guda yana iya ɓuya a bayan sunan kerkecin daji. Shida ba za su iya ba, sai da wanda zai sayi shanu a kasuwa ba a tambaye shi ba, da wanda zai rantse cewa tare suka kwana. Saboda haka garken Skyrim ya fi gamsar da ni fiye da sauran. An ɓoye shi a cikin ƙungiyar mayaƙan haya mai daraja, mutanen da ba wanda zai yi mamaki idan sun fita da dare sun dawo jina-jina. Babbansu, Kodlak, ba ya ba da umarni, shawara yake bayarwa, kuma tsoho ne da ke neman hanyar rabuwa da jinin kafin ya mutu.

Ko a duniyar da rikiɗa take bin cikar wata, dare ɗaya ne ko uku a cikin kwana ashirin da tara da rabi. Sauran kwanakin mutane ne, suna cin bashi, suna kishi, suna neman aure. Dabba ba ta jera ganga bayan ta sha, ba ta tafiya farauta da ƙullin gishiri. Garken da Olaus ya ji labari da wanda Thiess ya bayyana duk ƙungiyoyin mutane ne masu ranar taro da aikin yi, fatar kerkeci rigar aiki ce kawai. Hanyar shiga ma ba cizo ba ce. Thiess ya ce wani ne ya sha masa a tulu ya miƙa masa, kuma shi ma yana iya miƙa wa wani idan ya hura cikin tulun sau uku, da sharaɗin mutumin ya karɓa da hannunsa. Kwanon dutsen da ke ƙarƙashin Whiterun bai yi nisa da wannan tulu ba.

Kotun Jürgensburg ba ta ƙone Thiess ba. An yanke a yi masa bulala a gaban jama'a, a kore shi daga ƙasar har abada, saboda yana karkatar da mutane daga koyarwar coci. Kafin nan sun tambaye shi ko ya riga ya miƙa wa wani tulun. Tsohon ya ce yana so, amma har yanzu bai samu wanda ya yarda ya karɓa ba.